Bashin baki a Damagaram: wane alƙawari alƙali ke iya tilasta a cika?

Har yau a Damagaram abin kunya ne mutum ya dubi abokin cinikinsa ko surukinsa ya ce "Alhaji, mu rubuta." Ana ɗaukar maganar tamkar an kira shi maƙaryaci a gaban jama'a. A ganina wannan kunya tana cin dukiyar mutane tare da zumuncinsu, kuma waɗanda ta fi ci su ne masu ƙaramin ƙarfi: uwar adashi, manomin da ya karɓi kuɗin damina, magini, mai ɗinki, matar da ta ba ƙanin miji jari. Babban ɗan kasuwa yana da littafi da akawu da lauya. Sai dai kafin a ce kowa ya riƙa rubutawa, ya kamata a san abin da doka take dubawa, domin akwai maganar baki da alƙali zai tsaya a kanta, akwai kuma takarda mai tambur da hatimi da ba za ta tsinana wa mai ita komai ba.

Dokoki uku ne suke haɗuwa a kan alƙawarin mutumin Zinder. Akwai kundin dokokin mu'amala da Nijar ta gada daga Faransa, wanda ma'aikatan shari'a ke kira Kod Sibil, tushensa kundin 1804. Akwai dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar 17 ga Oktoba 1993, mai ƙasashe 17, Nijar na ciki, Najeriya ba ta ciki. Sannan akwai al'ada, wadda kotunanmu ke aiki da ita a maganar aure, gado, kyauta, wasiyya da gonakin da ba su da rajista, alƙali yana zaune da masu ba shi shawara kan al'ada. Al'adar nan kuwa a wajenmu fiƙihun Malikiyya ya ratsa ta ko'ina. Wanda bai san wace doka ce take hawa kan maganarsa ba yakan shirya hujjar da ba ita za a tambaye shi ba.

Sashe na 1108 na Kod Sibil ya ɗora yarjejeniya a kan abubuwa huɗu: yardar wanda ya ɗauki nauyi, cancantarsa ta ƙulla yarjejeniya, abu sananne da aka yi maganar a kansa, da dalili wanda doka ba ta hana ba. Babu rubutu a cikin huɗun nan. Babu rantsuwa. Babu tambur. Idan sun cika, sashe na 1134 ya ce yarjejeniyar ta zama doka a tsakanin waɗanda suka ƙulla ta, kuma dole a cika ta da kyakkyawar niyya.

Yarda ita ce wadda kasuwa ta fi kowa iyawa. Mai saye ya dafa rago a kasuwar Mirya ya ce, "Jika tamanin." Mai rago ya ce, "Albarka." Tayin ya mutu a nan. "Tamanin da biyar, Malam." Shiru na ɗan lokaci, sannan, "Na sallama, Allah ya sa albarka." Daga wannan kalma ciniki ya faɗa, domin sashe na 1583 ya ce saye da sayarwa ya kammala da zarar an daidaita kan kaya da farashi, ko ba a miƙa kayan ba, ko ba a biya kuɗin ba. Mai ragon da ya ga wani ya zo da tis'in bayan ya sallama, ya juya ya sayar masa, ya karya yarjejeniya, ba wayo ya yi ba. Amma shirun da ya yi kafin ya sallama ba yarda ba ce. Dokar OHADA ta ciniki tsakanin ƴan kasuwa ta faɗi ƙarara cewa shiru kaɗai ba ya zama amincewa, kuma tayin baki a nan take ake karɓarsa, ba wanda zai tafi ya dawo da la'asar ya ce har yanzu tayinsa na safe yana nan. Haka kuma sallamar dillali ba ta ɗaure mai kaya sai in mai kayan ya ba shi ikon sallamawa. Aikin dillali na asali haɗa mutum biyu ne ya ci la'adarsa.

Yarda tana ɓaci ta hanya uku: kuskure a kan ainihin abin, tilas, da yaudara. Wanda aka sayar wa babur aka ɓoye masa da gangan cewa an sauya injin, yana da hanyar rushe cinikin. Wanda ya saya da tsada don bai iya tayi ba, ba shi da ita. Tilas kuma ba duka kaɗai ba ne. Takardar amincewa da bashi da aka sa mutum ya sa wa hannu yana tsare, ana ce masa ba zai kwana gida ba sai ya sa, takarda ce da lauya mai kaifi zai iya kai wa hari.

Cancanta gajeruwar magana ce: a Kod Sibil mutum yana cika hankalin ƙulla yarjejeniya da shekara 21, don haka yaron shago da ya karɓi kayan bashi na kuɗi mai nauyi da sunan kansa ba abin dogaro ba ne. Abin da ya fi wannan yawa shi ne mutum ya sayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba. Sashe na 1599 ya ce sayar da kayan wani ɓatacce ne. Gonar gado da ba a raba ba, babban wa ya sayar da ita ƙannensa mata ba su sani ba, mai saye ya sayi shari'a ne da kuɗinsa.

Sharaɗi na uku, wato abu sananne, shi ne inda alƙawuranmu suka fi zubewa, kuma a nan nake ganin ya kamata a daɗe. A ɗauki misalin da kowa ya sani. A tsakiyar damina ɗan kasuwa ya ba manomi daga wajen Magarya kuɗi, a kan zai kawo masa "wake buhu goma in kaka ta yi." Dukansu sun yarda, akwai shaidu, an yi fatiha. To wane buhu? Mai tiya 40, ko wanda aka cika yadda ya samu? Tiyar wa za a auna da ita, a shafe ko da tozo? Wane irin wake, fari ko ja, tsintacce ko da ƙaiƙayinsa? A ina za a miƙa, bakin rumbu ko shagon mai kuɗi a Kasuwar Dole, kuma wa zai biya mota da ƴan dako? "In kaka ta yi" wace rana ce? Tsakanin farkon kaka da ƙarshenta farashin wake yana motsawa ƙwarai, kuma kowane ɓangare zai zaɓi ranar da ta fi masa riba ya rantse cewa ita aka nufa. Babu maƙaryaci a cikinsu dole. Kowa abin da ya fahimta yake faɗa.

Akwai kuma bambancin da ba a cika lura da shi ba sai ruwa ya ɗauke. Wanda ya ce "zan ba ka buhu goma na wake" ya ɗauki nauyin wake ko daga ina, fari ko fara ba za su sauke masa nauyin ba, tunda wake bai ƙare a kasuwa ba. Wanda ya ce "zan ba ka waken gonata ta gabas" yana iya kāre kansa da cewa abin da ya fi ƙarfinsa ne ya hana, kamar yadda sashe na 1148 ya tanada. Kalma biyu ce ta raba su. Addini ma bai bar wannan ciniki sakaka ba: hadisin cinikin salam ya ce wanda zai biya kafin kaya, ya biya a kan mudu sananne, awo sananne, zuwa lokaci sananne. Malamanmu suna karantar da shi a zaure, mu kuma mu fita kasuwa mu ce "in kaka ta yi."

Kuɗin kansa yana da tarkonsa. Muna lissafi da dala, dala ɗaya sefa 5 ce, don haka "ɗari biyu" a bakinmu jika guda ce. Wanda ya rubuta 200 a takarda yana nufin dala, ya rubuta sefa 200 a idon alƙali. A rubuta adadi da sefa, da lambobi da kuma kalmomi. Masu hulɗa da Kano su ƙara da faɗin kuɗin da za a biya da shi, naira ko sefa, domin bashin da aka ci da naira aka yi wata shida, ranar biya kowa canjin da ya yi masa daɗi zai kawo.

Dalili halattacce kuwa yana nufin kotu ba ta taya mutum karɓar ladan ɓarna. Wanda ya ba da kuɗi don a sama wa ɗansa aikin gwamnati ta bayan fage, aka cinye, ba zai je ya nemi a tilasta cika wannan alƙawari ba. Bashin caca ma sashe na 1965 ya rufe masa ƙofa.

A nan dokarmu ta rabu da ta maƙwabta. Dokar da Najeriya ta gada daga Ingila tana tambayar me wanda aka yi wa alƙawari ya bayar ko ya ɗauki nauyin bayarwa a madadinsa. In babu musaya, alƙawarin baki na kyauta ba ya ɗaure kowa. Tamu ba ta yin wannan tambaya kai tsaye, amma ta wata hanya take isa kusan wuri ɗaya. A Kod Sibil kyautar da ba a miƙa hannu da hannu ba sai an yi ta gaban noter, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta yarjejeniya ya inganta ta, bisa sashe na 931. A al'ada kuma, inda Malikiyya ke jagora, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. Kawun da ya ce "filin nan na ba ka" ya rasu kana nan ba ka kewaye ba, ba ka dasa ko turke ba, filin ya koma cikin gado. Malikiyya tana da wani hukunci mai kyau da ya kamata a sani: alƙawarin alheri yana zama dole idan ya jefa wanda aka yi wa cikin ɗawainiya, kamar a ce "rushe ɗakin, ni zan ba ka rancen ginawa," shi kuma ya rushe. Alƙawarin ɗan siyasa a dandalin yaƙin zaɓe kuwa, da mai yi da mai sauraro duk sun san ba yarjejeniya ake ƙullawa ba.

Kafin alƙalami wani ramin ne. Mutum ya ajiye jika ɗari a kan fili, ya fasa, ya dawo neman kuɗinsa. Kod Sibil ya san iri biyu. Idan kuɗin na damar fasawa ne, sashe na 1590 ya ce mai saye in ya fasa ya yi asararsu, mai sayarwa in ya fasa ya mayar da ninki biyu. Idan kuwa somin biya ne, ciniki ya riga ya faɗa, babu mai ikon fasawa shi kaɗai, ana iya bin mai saye sauran kuɗin. Malikiyya kuma ba ta yarda mai kaya ya riƙe kuɗin don an fasa ba. Hukunci uku ke nan a kan jika ɗari guda, alhali jimla ɗaya a takarda za ta kashe maganar: in an fasa, kuɗin nan za a mayar ko ba za a mayar ba.

To in baki ya isa ƙulla yarjejeniya, me ya kawo rubutu? Hujja. Sashe na 1315 ya ɗora wa mai cewa yana bin bashi nauyin tabbatar da shi. A tsakanin mutanen da ba ƴan kasuwa ba, sashe na 1341 yana neman rubutu da zarar kuɗin ya wuce wani ɗan ƙaramin adadi, kuma ba a karɓar shaidar baki don ta ƙaryata abin da takarda ta ƙunsa. Akwai sassauci idan akwai somin hujja a rubuce daga hannun wanda ake ƙara, ko idan kusanci irin na ɗa da uba ya hana neman takarda, amma wannan alƙali ne ke aunawa, ba haƙƙi ba ne da mutum zai kwana da shi a aljihu. A kan ɗan kasuwa kuwa dokar OHADA da aka sabunta a 2010 ta buɗe ƙofa: ana tabbatar da harkar kasuwanci ta kowace hanya, har ta na'ura. Resin aika kuɗi, littafin shago, saƙon murya na WhatsApp inda mutum ya ce "ka ƙara mini haƙuri zuwa bayan salla, sauran jika ɗari uku zan kawo," duk suna da amfani. Resi shi kaɗai yana nuna kuɗi sun tafi ne, ba ya nuna rance ne ko biyan wani tsohon bashi ko gudummawar biki. Saƙon da ke biye da shi ne yake faɗin haka.

Shaidu kuma mutane ne. Suna mutuwa, suna tafiya Agadas ko Libiya, suna mantawa, kuma sau da yawa ba sa son ɓata da kowa. Dattijon da ya zauna a wajen ciniki zai fi son ya ce "a yi haƙuri" da ya tsaya gaban alƙali ya nuna surukinsa da yatsa.

Takarda mai amfani ba ta buƙatar faransanci mai nauyi. Cikakken sunan kowa kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, da lambar katin. Abin da aka bayar da abin da za a mayar, da adadinsa. Ranar biya ta kalanda, da wurin biya. Abin da zai faru in ranar ta wuce. Ranar da aka rubuta, da sa hannun kowa. In kowane ɓangare yana da nauyi a kansa, kamar mai gida da magini, sashe na 1325 yana son a yi asali ɗaya ga kowane ɓangare, a kuma faɗa a ciki cewa guda nawa aka yi. In mutum ɗaya ne ya amsa bashi, ya rubuta adadin da hannunsa cikin kalmomi. Dangwala yatsa shi kaɗai yana da sauƙin musu, don haka wanda bai iya rubutu ba a karanta masa a gaban shaidu biyu su ma su sa hannu. Buga hatimi a ma'aikatar magajin gari ko kwamisariya yana tabbatar da cewa wane ne ya sa hannu, ba ya mayar da ɓataccen ciniki ingantacce. Mutane da yawa suna biyan kuɗin tambur suna zaton sun sayi gaskiya.

Mai tsaya wa wani shi ne ya fi kowa buƙatar sanin doka. "Ba shi, ni na tsaya masa" magana ce da ake yi kullum a bakin shago. Dokar OHADA ta jingina da lamuni ta ce lamuni ba a zatonsa, ana tabbatar da shi ne da takarda mai sa hannun mai lamuni da mai bin bashi, wadda mai lamunin ya rubuta a cikinta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauka, da lambobi da kalmomi. In sun saɓa, kalmomi ake bi. In bai iya rubutu ba, sai da shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa nauyin da ya ɗauka. Mai shagon da ya saki kaya a kan "na tsaya masa" ya sani mutuncin mai maganar kaɗai ya riƙe.

Gona kuma tana da hanyarta tun dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta kawo hukumomin ƙasa da ake kira Kofo, daga gari har zuwa gunduma. Suna ba da takardar shaidar saye, kyauta, aro, haya da jingina. Jingina da aro su ne suka fi buƙatarta, domin bayan shekara ashirin jikokin wanda aka ara wa za su ce kakansu saya ya yi.

Idan ranar biya ta wuce, kuskuren da aka fi yi shi ne rugawa kwamisariya ko jandarmeri. Kasa biyan bashi ba laifin ɗauri ba ne. Zamba da cin amana su ne laifi, kuma suna da sharuɗɗansu daban. Hanyar da doka ta shimfiɗa tana farawa da tunatarwa a rubuce, mafi ƙarfinta wadda wisiye, wato jami'in da ke isar da takardun shari'a, ya kai. Ana iya zuwa sulhu wajen mai unguwa ko fada, amma a tabbatar an rubuta abin da aka daidaita an sa hannu. Sannan akwai gajeruwar hanya ta OHADA, umarnin biya: mai bin bashi ya kai takardunsa kotu, in bashin tabbatacce ne, adadinsa sananne, lokacinsa ya yi, kuma daga yarjejeniya ya fito, alƙali yana ba da umarni ba tare da an kira wanda ake bi ba. Dole a isar masa da umarnin cikin wata uku, shi kuma yana da kwana 10 ya yi jayayya, bisa gyaran 2023. Wannan hanya takarda take ci, mai shaidun baki kaɗai ba ya shigarta. Wanda ake bi ma doka ba ta yar da shi ba, alƙali yana iya jinkirta masa biya ko ya rarraba masa har tsawon shekara guda. Haƙuri kuma yana da iyaka a doka: bashin kasuwanci yana mutuwa bayan shekara 5, na cinikin kaya tsakanin ƴan kasuwa bayan shekara 2, sai in wanda ake bi ya sake amsa bashin, lissafi ya koma farko.

Masu cewa takarda makamin mai ilimin boko ne a kan wanda bai yi ba suna da gaskiya, kuma wannan ce hujja mafi ƙarfi a kan ra'ayina. An sha sa mutane hannu a kan faransancin da ba su ji ba. Amma maganin wannan ba komawa baki ba ne, rubutu ne da harshen da mutum yake ji. Kod Sibil bai ce takardar da mutum biyu suka yi tsakaninsu sai da faransanci ba. Ta Hausa, da boko ko da ajami, tana zama hujja, iyaka a fassara ta in an je kotu. Tunda kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, abin da nake ganin ya dace shi ne ma'aikatun magajin gari da masu unguwanni da shugabannin kasuwa su tanadi takardu na shafi ɗaya da Hausa, na rance, na cinikin amfanin gona kafin kaka, na haya, na lamuni, masu gurabun cikewa da suke tilasta a faɗi tiya nawa, wace rana, a ina. Limamai kuma su riƙa tuna wa jama'a cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma wanda ake bi ne aka ce ya yi shiftar abin da za a rubuta. In mai unguwa ne ya fito da takardar, ba wanda zai ce an zarge shi.

Takardar tana kāre wanda ake bi kamar yadda take kāre mai bi, in ya san yadda zai yi da ita. Sashe na 1315 ɗin nan ya ce mai cewa ya biya shi ma sai ya kawo hujja. Duk biyan da aka yi kashi-kashi a rubuta shi a bayan takardar, da rana da adadi da sa hannun wanda ya karɓa. Ranar da aka cika biya, mai bashi ya karɓi asalin takardar ya tafi da ita, domin in ta kwana a akwatin mai kuɗi har ya rasu, magadansa za su same ta ba tare da sanin an biya ba, kuma doka za ta saurare su.